Ƙungiyar da Dutse Ya Kora Daga Gida, Ta Kai Wasan Ƙarshe

  

Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ta aiko mini da ƙorafi. Ta ce kullum zancenmu bai wuce ƙwallon ƙafa na Ingila da Sifaniya ba, kamar babu sauran wasanni a duniya, kamar kuma babu sauran ƙasashe. Na karɓi laifina. Don haka yau za mu yi tafiya mai nisa, zuwa wani tsibiri mai tsananin sanyi a arewacin tekun Atlantika, ƙasar Ayislan. Wasan da za mu yi zance a kansa kuma ƙwallon kwando ne. Zan ba ku labarin kakar wasa ta 2023 zuwa 2024 a babbar gasar maza ta ƙasar, musamman abin da ya faru da ƙungiyar wani ƙaramin gari mai suna Grindavik.

Tun farko zan gaya muku, ƙungiyar da zan ba ku labarinta ba ita ta ɗauki kofi ba. Ku dai biyo ni, za ku ga dalilin da ya sa duk da haka na zaɓe ta.

Ƙasar da gasarta

Duk mutanen Ayislan ba su kai 400,000 ba. Akwai ƙananan hukumomi a Kano da suka fi ta yawan jama'a. Fiye da rabin mutanen suna zaune ne a babban birnin ƙasar, Reykjavik, da garuruwan da ke manne da shi. A watan Disamba hasken rana bai fi na awa huɗu zuwa biyar ba, sauran duk duhu ne da sanyi da iska. Ƙasar da lamarinta yake haka, ba abin mamaki ba ne a ce wasannin da ake yi a cikin rufaffen ɗaki sun samu karɓuwa.

Ƙwallon kwando ya yi ƙarfi sosai a kudu maso yammacin ƙasar, kuma akwai dalili. A nan ne Amurka ta yi sansanin sojoji a Keflavik, wanda ba a rufe shi ba sai a 2006. Zama da Amurkawa ya sa mutanen yankin suka saba da wasan tun da wuri. Ƙungiyar da ta fara lashe gasar ƙasar a 1952 ma ta ma'aikatan filin jirgin saman Keflavik ce. Har yau garuruwa uku na wannan yanki, Keflavik da Njardvik da Grindavik, suna cikin waɗanda ake shakka a gasar. Ƙasar ta kuma fitar da Petur Gudmundsson, wanda ya shiga gasar NBA ta Amurka a 1981 tare da Portland Trail Blazers, kuma tawagarta ta maza ta halarci gasar nahiyar Turai a 2015 da 2017.

Sunan babbar gasar Urvalsdeild karla. Ƙungiyoyi 12 ne a cikinta. Kowace tana karawa da sauran sau biyu, gida da waje, wato wasa 22 ke nan daga Oktoba zuwa farkon Afrilu. Biyun da suka zo ƙarshe a teburi sukan faɗa rukuni na ƙasa. Takwas ɗin farko su ne ke shiga zagayen fitar da gwani. A nan ne tsarin ya bambanta da wanda kuka saba gani a ƙwallon ƙafa. Wanda ya zo na ɗaya a teburi bai zama zakara ba tukuna. Na ɗaya zai kara da na takwas, na biyu da na bakwai, haka har ƙasa. Kuma ba wasa ɗaya ake yi a tashi ba: ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa uku, wanda hakan kan kai su wasa biyar. Amfanin zuwa sama a teburi shi ne, idan aka kai wasa na biyar, a gidanka za a yi shi. Ku riƙe wannan, zai dawo mana nan gaba.

Ga waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba: mutum biyar-biyar ne a fili. Minti 40 ake yi, an raba shi kashi huɗu na minti 10. Tsayin kwandon daga ƙasa mita 3.05 ne. Jefawa daga kusa maki 2 ne, daga bayan layi mai lanƙwasa maki 3, jifan kyauta bayan an yi wa mutum ƙeta kuma maki 1. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa. Babu canjaras, idan maki ya zo ɗaya sai a ƙara lokaci.

Garin da ke zaune a kan wuta

Grindavik garin masunta ne a bakin teku, tazarar kilomita kusan 50 daga Reykjavik. Mutanensa ba su kai 4,000 ba. Amma duk da ƙanƙantarsa, ƙungiyarsa mai riga rawaya ta lashe gasar ƙasa sau uku: 1996 da 2012 da 2013. A irin wannan gari, ɗan wasan da kake tafa wa da daddare shi ne maƙwabcinka da safe. Da yawa daga cikin 'yan wasan gida a gasar suna haɗa wasa da aiki ko karatu. A wannan kakar, kocin Grindavik shi ne Johann Thor Olafsson, kyaftin kuma ƙaninsa ne, Olafur Olafsson. Kalmar da ke ƙarshen sunansu tana nufin ɗan Olafur, domin mutanen Ayislan da sunan uba suke kiran mutum, kamar yadda mu ma muke cewa wane ɗan wane.

Yanzu 'yan ajin labarin ƙasa ku matso kusa. Ayislan tana zaune ne a daidai inda manyan faifan ƙasa biyu suka haɗu, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya. Faifan nan suna janyewa daga juna da kimanin santimita 2 a shekara. Idan ƙasa ta tsage, narkakken dutse daga can ciki yakan samu hanyar tasowa. Wannan zafi na ƙarƙashin ƙasa alheri ne gare su, don da shi suke ɗumama gidaje da samar da lantarki. Kusa da Grindavik akwai tashar Svartsengi da ke wannan aiki, da kuma wurin wankan ruwan ɗumi da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa, Blue Lagoon. Amma abin da ke ɗumama gida shi ne kuma ke iya ƙone shi. Yankin ya yi shekara kusan 800 ba a ga aman wuta ba, sai a 2021 ya farka.

Ranar Juma'a 10 ga Nuwamba 2023, girgizar ƙasa ta yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa. Masana suka gano cewa narkakken dutse ya kutsa ta ƙarƙashin ƙasa a wani dogon layi na kusan kilomita 15, kuma layin ya ratsa ta ƙarƙashin garin kansa. Cikin daren aka ba da umarni kowa ya fita. Tituna suka dare, bangwayen gidaje suka tsage. Rabon da a kwashe gari sukutum a ƙasar saboda aman wuta tun 1973, lokacin da aka kwashe mutanen tsibirin Heimaey.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan dare. An ce ka ɗauki abin da hannunka zai iya ɗauka ka shiga mota, ba ka san ranar dawowa ba. Wasu suka sauka gidajen 'yan uwa, wasu a wuraren da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta buɗe, wasu a gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba. Yaran makarantar garin suka watsu a makarantu daban-daban. 'Yan wasan ƙwallon kwando, da kocinsu, da masu share musu fili, da masu sayar da tikiti, duk suna cikin waɗanda aka kwashe. Kakar wasa kuwa ba ta fi mako biyar da farawa ba.

Aron fili

Da a ce ƙungiyar ta ce ta janye daga gasar, babu wanda zai ga laifinta. Mutumin da bai san inda zai kwana mako mai zuwa ba, wa zai tambaye shi atisaye?

Sai wata ƙungiya mai suna Breidablik, ta garin Kopavogur da ke maƙwabtaka da Reykjavik, ta buɗe musu ɗakin wasanta mai suna Smarinn. Ku lura, Breidablik ba 'yar kallo ba ce. Tana cikin ƙungiyoyi 12 da ke gasar, wato abokiyar hamayyar Grindavik ce. Kwana takwas kacal bayan an kwashe garin, ranar 18 ga Nuwamba, ƙungiyar mata da ta maza ta Grindavik suka buga wasanninsu na gida a Smarinn. Mazan suka kara da Hamar, suka yi nasara.

A ganina, abin da ya fi makin wannan rana muhimmanci shi ne abin da ya faru a kujerun 'yan kallo. Mutanen da suka saba haɗuwa kullum a kanti da bakin tashar jiragen kamun kifi da ƙofar makaranta, yanzu kowa yana wata unguwa daban. Ina za su ga juna? Ranar wasa ta zama ranar ganin maƙwabta. Yaro ya ga abokinsa na aji, tsohuwa ta ga ƙawarta, a tambayi juna ina kuka samu masauki. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, to ƙafar mutanen Grindavik Smarinn ta riƙa nufa. Awa biyu a mako, garin da ya watse yakan sake haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, sanye da rawaya.

Dutse bai bar su sun huta ba

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Ranar 18 ga Disamba ƙasa ta tsage a arewa maso gabashin garin, wuta ta yi tsiri sama. Hukumomi suka duƙufa gina manyan ganuwoyi na ƙasa da duwatsu don karkatar da narkakken dutsen daga tashar lantarki da kuma garin. A cikin Janairu wani ma'aikaci da ke aikin cike tsagar ƙasa a garin ya faɗa cikin rami, ba a same shi ba. Ranar 14 ga Janairu 2024 aka sake yin aman wuta. Ganuwar ta tare mafi yawansa, amma wata ƙaramar tsaga ta buɗe a cikin ganuwar, dab da gidaje. Mutanen garin suna zaune a masaukansu suna kallo kai tsaye a talabijin, narkakken dutse mai zafin da ya haura digiri 1,000 ya cinye gidaje uku.

Ranar 8 ga Fabrairu wani aman ya ratsa ta kan babban bututun ruwan zafi, sai garuruwan yankin, har da Keflavik da Njardvik, suka yi kwanaki babu abin ɗumama gida a tsakiyar hunturu. A cikin watan ne majalisar dokokin ƙasar ta amince gwamnati ta sayi gidajen mutanen Grindavik da ke son sayarwa. Wannan taimako ne babba, amma ku duba ma'anarsa ga mai gida: ana gaya masa ne cewa komawa ba kusa ba. Ranar 16 ga Maris kuma aka sake yin wani aman.

Abin mamaki, a cikin waɗannan watanni ne ƙungiyar ta fi yin wasa mai kyau. Bayan shigowar sabuwar shekara suka riƙa jera nasarori. Suna da baƙi masu ƙwarewa: Amurkawa biyu, Dedrick Basile mai rarraba ƙwallo da DeAndre Kane wanda ya yi wasa a ƙasashe da dama, sai Daniel Mortensen ɗan Denmak. Ga kuma 'yan gida irin su kyaftin Olafur, waɗanda gidajensu da na iyayensu ne ke cikin haɗari. Da aka kammala wasanni 22, Valur ta Reykjavik ce ta ɗaya, Grindavik ta biyu. Hamar da Breidablik suka faɗa rukuni na ƙasa. Wato mai masaukin ta fita daga gasar, baƙuwar da ta ba aro ta wuce gaba a cikin ɗakinta. Duk da haka ba a ce su tattara nasu-i-nasu ba.

Zagayen fitar da gwani

A zagayen farko Grindavik ta haɗu da Tindastoll, wadda ita ce ke riƙe da kofi. Tindastoll ta wani ƙaramin gari ce a arewa, Saudarkrokur, kuma a 2023 ne ta lashe gasar karon farko a tarihinta. Grindavik ba ta ba ta ko wasa ɗaya ba, ta fitar da ita 3 da 0.

A zagayen kusa da ƙarshe sai ga maƙwabciya, Keflavik, wadda ta riga ta ɗauki kofin ƙalubale na wannan shekara. Karawar maƙwabta kun san yadda take, ko a gasar ajujuwa ta makarantarku. Sai da aka kai wasa na biyar, kuma saboda Grindavik ce ta fi matsayi a teburi, a Smarinn aka yi shi. Grindavik ta ci, ta wuce 3 da 2. A ɗaya ɓangaren Valur ta fitar da Njardvik, ita ma 3 da 2.

Ita Valur tsohuwar ƙungiya ce, an kafa ta a 1911, sunanta kuma yana nufin shaho. Wannan ne karo na uku a jere da ta kai wasan ƙarshe: ta ci Tindastoll a 2022, Tindastoll ta rama a 2023. Kocinta, Finnur Freyr Stefansson, ya riga ya ɗauki kofin sau biyar a jere da ƙungiyar KR daga 2014 zuwa 2018, kafin wanda ya ɗauka da Valur. A cikin 'yan wasanta akwai wani suna da zai ja hankalinku: Taiwo Badmus. Taiwo dai suna ne da Yarabawa ke raɗa wa wanda ya fara fitowa cikin tagwaye. Shi wannan ƙasar Ayilan yake buga wa wasa, kuma yana cikin 'yan Tindastoll da suka doke Valur a 2023 kafin ya koma Valur ɗin.

Aka fara karawar ƙarshe a tsakiyar Mayu. Valur ta ci na farko a gidanta. Grindavik ta rama a Smarinn. Valur ta ci na uku, Grindavik ta ci na huɗu da ƙyar. Kowa ya kare gidansa, har da waɗanda gidan nasu na aro ne. Biyu da biyu ke nan, saura wasa ɗaya. Kun tuna abin da na ce ku riƙe? Valur ce ta ɗaya a teburi, don haka a gidanta, Hlidarendi, za a yi na biyar.

Ranar Laraba 29 ga Mayu 2024 aka sa wasan. Da tsakar ranar nan ƙasa ta sake tsagewa kusa da Grindavik, aman wuta na biyar tun Disamba. 'Yan wasa da magoya baya suka wuni suna duba waya don ganin inda wutar ta nufa, da yamma kuma suka sa rigunansu suka nufi filin wasa.

Tun a farkon wasan Valur ta yi rashi: ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta, Kristofer Acox, ya ji mummunan rauni a gwiwa aka fitar da shi. Amma sauran suka tsaya, Taiwo Badmus ya ja ragama. Aka tashi Valur 80, Grindavik 73. Valur ta ɗauki kofinta na huɗu, aka kuma zaɓi Badmus a matsayin gwarzon zagayen.

Me ya sa na zaɓi waɗanda suka sha kaye?

Na san da fim ne, da Grindavik ce za ta jefa ƙwallon ƙarshe a daƙiƙar ƙarshe, a ɗaga kofi ana kuka. Ba haka aka yi ba. Maki bakwai suka raba su da kofi, kuma washegari babu wanda ya koma gidansa saboda an yi wasa mai kyau. Valur ma ba ta yi laifi ba da ta ci. Da ta sassauta musu don tausayi, da ta raina su ne. Girmamawar da za ka yi wa abokin karawa ita ce ka fito masa da duk ƙarfinka.

Da na karanta labarin nan a ɗakin kwananmu na jami'a, abin da ya fara faɗo mini shi ne wani abin kunya na kaina. Muna aji huɗu a sakandare muna da 'yar ƙungiyar ƙwallon kwando. Wata rana iska mai ƙarfi ta karya allon kwandonmu ɗaya. Muka kai ƙara, aka ce za a gyara. Muka zauna jira. Zango ya ƙare, wani ya shigo, muna nan muna cewa ai ba a gyara mana ba. Akwai wata makaranta da ba ta fi tafiyar minti 20 daga tamu ba, tana da fili lafiyayye. Babu ɗayanmu da ya je ya nemi aro, ni da nake mataimakin kyaftin ma ban je ba. Girman kai ya hana mu, don muna ganin su abokan hamayya ne. Kwando ɗayan da ya rage ma ya isa a yi atisaye, amma ba mu yi ba. Kafin mu gama makaranta ƙungiyar ta mutu. Allo ɗaya ya kashe tamu. Su kuwa gari guda ya fita daga hannunsu, bayan kwana takwas suna fili.

Ba ina cewa halinmu da nasu ɗaya ba ne. Ayislan ƙasa ce mai arziki, tana da ɗakunan wasa a kusan kowane gari, gwamnatinta kuma ta iya sayen gidajen gari guda. Duk wanda ya ce muku ƙwazo kaɗai ya kai Grindavik wasan ƙarshe bai faɗi gaskiya duka ba. Akwai kuɗi, akwai tsari, akwai ƙwararrun 'yan wasa da aka ɗauko. Amma akwai abubuwa biyu a labarin da ba kuɗi ne ya saye su ba, kuma su nake so ku ɗauka.

Na farko, sun riƙe abin da suka saba yi. Lokacin da komai ya rikice, atisaye da ranar wasa suka zama abin da bai canja ba. Wannan ya shafe ku kai tsaye. Wasunku sun taɓa zama a gida makonni saboda an rufe makaranta, ko ambaliya ta shiga unguwa, ko iyali sun tashi daga gari ba shiri. A irin wannan lokaci zuciya takan ce bari komai ya lafa tukuna sannan in koma kan littafi. Matsalar ita ce ba ka san ranar lafawar ba. Mutanen Grindavik da sun jira dutse ya yi shiru, da kakar ta wuce su, domin har ranar wasan ƙarshe bai yi shiru ba. Awa ɗaya a rana, a lokaci ɗaya, ko da littafi ɗaya ne ya rage maka, ta fi jiran ranar da ba ka san zuwanta ba.

Na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, shi ne abin da Breidablik ta yi. Yawancinmu ba za mu taɓa zama Grindavik ba, Allah Ya kiyaye. Amma kusan kowannenmu zai samu damar zama Breidablik. A makarantu da yawa na Arewa akwai ɗalibin da ya shigo a tsakiyar zango saboda rashin tsaro ko ambaliya ta raba iyalinsa da garinsu. Yakan zauna a kujerar baya, ba shi da littafin da aka rubuta darussan baya, bai san kowa ba, wani lokaci ma ana yi masa dariyar karin harshensa. Ba ka da ɗakin wasa da za ka ba shi aro, amma kana da littafin rubutunka da zai kwafa. Kana da gurbi a ƙungiyarku ta ƙwallo ko ta muhawara. Kana iya matsawa a benci. Kuma ka shirya wa abin da ya sami Breidablik: mai yiwuwa baƙon nan ya zo ya fi ka maki a jarrabawa. Idan haka ta faru, kada ka yi da-na-sanin aron da ka bayar. A teburin gasar 2024 Breidablik tana can ƙasa, amma ga shi yau muna ambaton sunanta a nan, dubban kilomita daga Kopavogur, kuma ba don makin da ta ci ba.

Aikin wannan mako

Kamar kullum, ba zan bar ku haka ba. Ga tambayoyi uku:

1. Idan ƙungiyoyi 12 ne a gasa, kowace ta kara da sauran gida da waje, wasa nawa aka buga gaba ɗaya kafin zagayen fitar da gwani? Ku nuna yadda kuka yi lissafin.

2. Ku ɗauko taswirar duniya ku nemo Ayislan. Wace babbar ƙasa ko tsibiri ce ta fi kusa da ita ta yamma?

3. A ganinku, wanne ya fi adalci: a ba wanda ya zo na ɗaya a teburi kofi kai tsaye kamar a gasar Firimiya ta Ingila, ko a sake tankaɗe da rairaya a zagayen fitar da gwani kamar a Ayislan? Ku kawo hujja, kada amsar ta wuce layi goma.

Ku aiko da amsoshinku ta adireshin wannan shafi, tare da ajinku da garinku. Zan buga waɗanda suka fi gamsarwa. Idan kuma makarantarku tana da filin ƙwallon kwando da ciyawa ta cinye, ko ƙungiyar da ta mutu irin tamu, ku rubuto ku gaya mana abin da ya kashe ta da abin da kuke ganin zai tashe ta. Ga ƙanwarmu mai ƙorafi kuma, ina fata yau na fita kunyarki.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku kula da karatu.

Naku,
Yayanku na filin wasanni